Allo na Bakwai

Duk wanda ya bi hanyoyin gundumar Pruitt cikin shekaru arba'in da suka wuce ya karanta aikin hannun Elwood Tarpley, ko bai san sunansa ba. Shi ne mai allunan hanya. Allon da ke cewa a tsaya, da wanda ke gargaɗin kwana, da wanda ke nuna inda barewa ke tsallaka titi, duk shi ya haƙa ramukansu, shi ya ɗaure notunansu. Dogo ne marar jiki, yana tafiya kamar mai auna ƙasa da ƙafa. Ba ya barin ƙarfen da ya kafa sai ya ga ya miƙe sosai, sannan ya ja da baya taku ashirin ya dube shi da idon direban da bai san garin ba.

Yakan ce ba don ɗan gari ake kafa allo ba. Ɗan gari ba ya kallon allo, hannunsa ke juya sitiyari tun ido bai ga mararraba ba. Don baƙo ake yi, wanda ba shi da mai nuna masa hanya.

A Pruitt, in gardama ta tashi kan nisan wani wuri, ko kan shekarar da aka yi wata gada, akan ce a bari Elwood ya zo. In ya faɗa, magana ta ƙare. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ba a taɓa jin ya ce tara inda takwas take ba.

Matarsa Verna ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin wanki na asibitin garin. Ƙaramin asibiti ne na jan bulo, gado ashirin da biyar. A can aka haifi Elwood, a can aka ɗinke masa hannu lokacin da gefen allo ya yanke shi, a can kuma Verna ta cika, a kan zanin gadon da ita ta koya wa masu wanki yadda ake ninke shi. Yawancin masu kwanciya a asibitin 'yan ƙwadagon gonakin gyaɗa ne, da masu fiɗe kaji a masana'anta, da tsofaffi. Ba su da abin nunawa sai katin magani na jiha, da shi asibitin ke numfashi.

Shekarar zaɓen da aka yi ta alkawarin rage haraji, Elwood ya karɓo ƙaramin allon kwali na masu alkawarin ya kafa a ƙofar gidansa. Verna ta fito da kwandon shanya, ta tsaya ta dube shi.

"Ya miƙe?" Elwood ya tambaye ta.

"Ya miƙe," in ji ta. "Sai dai ban ga ka ja da baya ka duba inda yake nunawa ba."

Ta wuce wajen igiyar shanya. Ba su sake maganar ba.

An rage harajin. Bayan haka majalisar jiha ta zauna kan kasafin kuɗi, ta rage abin da ake ware wa katin magani. Da farko ɗakin haihuwa aka rufe. Daga baya likitan tiyata ya tattara ya koma birnin Maddox. Verna ba ta ga ƙarshen ba. Wata biyar bayan an binne ta, aka buga katako a ƙofofin asibitin, aka sa kwaɗo.

Takarda ta zo ofishin hanyoyi cewa a cire shuɗin allunan da ke nuna hanyar asibiti. Guda bakwai ne a gundumar. Elwood ya cire shida cikin kwana biyu.

Na bakwai yana mararrabar da hanyar tsohon coci ta haɗu da babban titi. Hagu, mil tara zuwa Pruitt. Dama, mil talatin da takwas zuwa Maddox, inda yanzu asibiti mafi kusa yake. Wannan allon shi ne na farko da Elwood ya kafa shi kaɗai a shekarar da ya kama aiki, kuma a gindinsa Verna ta kawo masa abincin rana tun ba su yi aure ba. Maharba sun huda shi wuri biyu a ƙasan kibiyar, amma bai karkace ba.

Ya jingina tsani, ya ɗora sifana a kan notin farko. Ya daɗe a haka. Sai ya sauko, ya ce a ransa gobe. A takardar aiki kuwa ya rubuta bakwai, ya sa hannu, don ya san goben zai zo ya cika.

Goben ta zama mako, makon ya zama shekara da rabi.

Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci, Elwood yakan shiga maƙabartar da ke bayan cocin da jarkar ruwa da tsumma, ya wanke dutsen kabarin Verna. Ruwa yakan rage. A hanyar komawa yakan tsaya a mararrabar, ya zuba sauran a jikin allon, ya goge shi da tsumman nan. Ba wani allo a gundumar da ya kai shi haske. Masu zuwa cocin suna wuce shi kowane mako, babu wanda ya gan shi. 'Yan gari ne.

Asabar ta biyu ga watan Mayu ita ce ranar sharar maƙabarta. 'Ya'yan garin da suka yi ƙaura zuwa biranen arewa sukan dawo, a yanke ciyawa, a sa furanni, a shimfiɗa tebura a ƙarƙashin itatuwa a ci soyayyar kaza da burodin masara. Cikin masu zuwa akwai Odessa Whitlock, wadda suka yi aji ɗaya da Elwood tun na firamare. Ta bar garin shekara arba'in da uku, ta auri wani direban bas mai suna Calvin. A bana sun riga kowa zuwa, tun ranar Juma'a, don Calvin ba ya son cunkoso, yana so ya gyara kabarin surukarsa a tsanake.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe Calvin ya aje injin yanka ciyawa, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa. Waya ba ta kamawa a wannan kwarin. Odessa, mai shekara sittin da shida, ita kaɗai ta ja shi ta sa a mota. Da ta iso mararrabar ta taka birki. Sannan ta yi hagu.

Elwood ya ji labarin da la'asar, a shagon gahawa da ke gefen gidan mai. Rufus Odom ne ya ba shi. Rufus tsohon mai raba wasiƙu ne, abokinsa tun yarinta, yanzu yana tuƙa motar marasa lafiya ɗaya tilo ta garin a matsayin ɗan sa-kai. Ya shigo rigarsa jiƙe da gumi, bai yi barkwancin da ya saba ba.

"Na same ta tana dukan katakon ƙofa da takalmi," in ji Rufus. "Muka juya da shi, muka sake bin hanyar da ta baro. Saura mil takwas mu shiga Maddox ya tafi."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce da an kawo shi rabin awa kafin nan, watakila. Ka san su da watakila." Rufus ya kurɓi gahawa. "Abin da ban gane ba, ta san an rufe. Ƙanwarta ta gaya mata a waya tun bara. Sai faɗi take wai ta ga allo."

Elwood ya dubi kofinsa. Ya biya, ya fita.

Rana ba ta faɗi ba ya isa mararrabar. Ya kwance notunan, ya tumɓuke ƙarfen, ya cike ramin. Da yake bai iya aikin rabi da rabi ba, ya yanko ciyawa da saiwarta daga bakin rafi, ya daidaita ta a kan wurin, ya taka, ya yayyafa ruwa. Allon ya sa shi a rumfar bayan gidansa, fuskarsa ga bango, ya rufa masa tsohon bargo. Washegari mutum fiye da ɗari suka bi ta mararrabar zuwa shara, suna jimamin Calvin. Babu allo.

An binne Calvin kusa da surukarsa. Odessa ta ƙi komawa arewa. Ta buɗe tsohon gidan mahaifiyarta, ta share, ta zauna. Mata suka yi ta kai mata kwanukan abinci kamar yadda aka saba, kowacce kuma ta shiga sai ta ji magana ɗaya.

"Shuɗi ne, da farar kibiya. Akwai huji biyu a ƙasan kibiyar. Yana ƙyalli kamar jiya aka kafa shi."

Matan sukan ce Allah ya ba da haƙuri. In sun fito sai su dubi juna.

'Yarta Charlene, ma'aikaciyar banki a can arewa, ba mai barin magana a iska ba ce. Ta buga waya ofishin hanyoyi. Aka duba, aka ce mata an cire allunan nan bakwai tun shekara da rabi, ga sa hannun Mista Tarpley. Ta tambayi fasto, ta tambayi maƙwabta, kowa ya ce in Elwood ya rubuta bakwai, to bakwai ne. Ta je mararrabar da kanta. Ciyawa ce kore shar.

Daga nan komai na Odessa ya zama shaida. Ta bar tukunya a wuta sau ɗaya, aka ce an gani. Ta kira Charlene da sunan ƙanwarta, aka ce an gani. Tsohuwar da mijinta ya mutu a gabanta tana iya manta tukunya, amma ba wanda ya tsaya yin wannan tunanin. Charlene ta karɓe makullin motarta, ta sa a jakarta. Ta fara neman gurbi a wani gidan kula da tsofaffi kusa da inda take aiki, irin wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa daga ciki.

Elwood ya san duk wannan, don kowace Talata yana gidan. Ba wanda ya kira shi. Ya zo da injinsa ya yanke ciyawar tsakar gida. Mako na gaba ya canza katakon matakala da ya ruɓe. Na gaba ya gyara famfo. Ba ya shiga ciki, ba ya karɓar ko shayi mai ƙanƙara. In ya gama sai ya taɓa hularsa ya tafi.

"Tsohon banza," in ji Rufus wata safiya a shagon gahawa. "Ko wata uku ba a yi ba ka fara zarya. Ka bari ƙasar mutumin ta bushe mana."

"Ciyawa ce ta yi tsawo."

"Tawa ma ta yi tsawo. Ban gan ka ba."

"Kai kana da ƙafa."

"Ina da ƙafa, ina da ido kuma." Rufus ya juya cokali a kofi, a hankali. "Shekaranjiya tayata ta yi faci a mararrabar coci. Ina tsugune sai na ga abin mamaki. Ka taɓa ganin ciyawa ta tsiro da kusurwa huɗu, daidai wa daida, kamar an sa mata ma'auni?"



"Ni dai wasiƙa na raba shekara talatin," in ji Rufus. "Ban taɓa buɗe ta wani ba. Amma nakan san mai nauyi in na ɗaga ta." Ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa. "Gai da mutuniyar."

Ranar Lahadi bayan an tashi, Elwood yana ɗauko jarkarsa daga bayan a-kori-kura, sai ya ji an kira shi da sunan da ba a kira shi da shi ba tun suna aji uku.

"Dogon Banza."

Odessa ce, da baƙar hula da jaka a hannu. Ta rame. Wata maƙwabciya ce ta kawo ta, tana jiranta a mota.

"Kai ne mai alluna," in ji ta. "Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba, kunnenka ke fara ja. Zan tambaye ka sau ɗaya. Ran nan, akwai allo a mararrabar ko babu?"

Hula ta rufe kunnuwansa. Ya gode wa hular, ya kuma ji kunyar godiyar.

"Takarda ta ce an cire, Odessa."

Ta daɗe tana dubansa. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai ta gyaɗa kai, ta ce, "To. Ke nan ni ce." Ta gyara riƙon jakarta. "Ka san me ya fi damuna? Ina ganinsa har yanzu. In na rufe ido ina iya ƙirga hujin. In abin da babu shi yana fitowa haka sarai a kaina, to Charlene ta yi gaskiya. Kada wata rana in ga hanya inda yaran mutane ke wasa."

Ta juya. Bayan taku biyu ta waiwayo.

"Ranar Asabar Charlene za ta zo ta tafi da ni. Na ce mata na yarda. Ka riƙa duba min Calvin in ka zo wajen Verna. Ba shi da kowa a nan."

A ranar Elwood ya wanke dutsen Verna sau biyu, ruwa bai ƙare ba.

Kwana shida ne tsakani. Ya je aiki kamar kullum. Ya miƙar da allon kwana da wata tirela ta buge, ya canza na gadar rafi da ya koɗe. A kowane wuri yakan ja da baya taku ashirin, amma ba ya ganin abin da ke gabansa. Saura wata takwas ya yi ritaya. An riga an fara maganar walimar da za a yi masa, da farantin yabo da za a rubuta sunansa a kai. Ya yi ta gaya wa kansa abubuwa. Ba shi ya rufe asibitin ba. Mutanen da ke zaune a babban birnin jiha ne, waɗanda ba su taɓa jin warin masana'antar kaji ba. Ko da Odessa ta yi dama a mararrabar, mil talatin da takwas ba wasa ba ne, likita ma watakila ya ce. Gidan tsofaffin kuma an ce yana da tsabta, da lambu. Duk gaskiya ne. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai in ya shiga rumfar baya ɗaukar man inji, yakan bi ta gefe, kada rigarsa ta taɓa bargon.

Ranar Juma'a da yamma ya tsinci tsohon allon kwalin nan na zaɓe a bayan buhunan taki. Ɓera ya ci rabinsa. Ya riƙe shi ɗan lokaci, ya mayar inda yake.

Asabar da hantsi ya sa rigar zuwa coci. Ya ɗauki allon da bargonsa, ya kwantar a bayan a-kori-kura. Bai sa hula ba.

Motar Charlene tana ƙofar gida, but ɗin bayanta a buɗe, akwatuna biyu a ciki. Odessa na zaune a kujerar baranda, jakarta a cinya, kamar mai jiran bas. Charlene ta fito da kwali a hannu.

"Mista Tarpley, ina kwana. Yau ba Talata ba ce ai." Ta yi murmushin gajiya. "Na so in zo in yi maka godiya kafin mu wuce. Mama ta gaya min duk abin da kake yi."

"Kada ki gode, 'yata. Aje kwalin nan tukuna."

Ya zagaya bayan mota, ya sauke abin, ya hau matakalar da shi ya gyara. Ya jingina shi da ginshiƙin baranda, ya janye bargon.

Rana ta bugi shuɗin. Wata uku a rumfa bai dusashe shi ba.

 Odessa ta aje jakarta a ƙasa, ta taso, ta sunkuya. Ta sa ɗan yatsa a huji na farko, ta sa a na biyu.

"Ban gane ba," in ji Charlene. "Wannan na ina ne?"

"Na mararrabar coci," in ji Elwood. "Yana tsaye ranar da babanki ya faɗi. Da yammacin ranar na cire shi, na rufe ramin. Takardar da aka karanta miki, ni na rubuta ta, shekara da rabi kafin in yi aikin. Mahaifiyarki ba ta ga abin da babu ba."

Charlene ta aje kwalin a hankali. Ta dubi allon, ta dubi uwarta, ta dubi but ɗin mota. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Wata uku kana yanke mana ciyawa."

"E."

"Kana ji ina gaya wa mutane kanta ya taɓu. Na kai ta wajen likita ya sa ta zana agogo don gwada hankalinta, kamar 'yar aji ɗaya. Na ƙwace mata makulli a gaban maƙwabta. Kana tsakar gidan nan a ranar, da injinka."

"Ina nan."

"Kai wane irin mutum ne?"

 Elwood ya yi shekara sittin da shida yana zaton ya san amsar wannan tambayar.

"Charlene, bar shi," in ji Odessa, ba ta ɗago ba. Tana shafa gefen allon da tafin hannu, sannan ta juya hannun ta duba. Babu ƙura. "Elwood, wa ke wanke shi?"

"Ni."

"Don me?"

"Ruwan Verna ne ke ragewa."

Ta gyaɗa kai, kamar an ba ta amsar da ta dace. Ta koma kujera ta zauna.

"Na tsaya a mararrabar nan, ka sani. Ƙafata na kan birki. Na san an rufe, na riga na fara karkata hannu dama. Calvin yana cewa Dessa, yi sauri. Sai na ga abin nan yana walƙiya. Na ce a raina, ba a wanke allon wurin da ya mutu. Lalle sun sake buɗewa." Ta dube shi. "Da ka bar shi ya yi datti kamar na kowa, da na bi dama."

Elwood ya riƙe ginshiƙin.

"Ban ce da ya rayu ba," in ji ta. "Wannan ba ni da sani, kai ma ba ka da shi. Waɗanda suka sa kwaɗon nan ma ba za su taɓa zuwa barandata su tsaya yadda ka tsaya ba. Na san wannan. Barin allon, ina iya ganewa, na san Verna. Amma na tambaye ka a ƙofar coci, Dogo. Ido da ido."

"Kin tambaye ni."

"To."

Ta miƙa hannu wajen 'yarta, tafin a sama. Charlene ta tsaya ɗan jim, sannan ta buɗe jaka, ta laluba, ta ɗora makullin a kai. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba. Ta sauka ta fara fito da akwatunan daga mota.

"Gobe bayan wa'azi, lokacin sanarwa, za ka miƙe," in ji Odessa. "Ba ni za ka gaya wa ba, na ji nawa. Matan da suka kawo min abinci suna kallon juna, su za ka gaya wa. Litinin kuma ka je ofishinku a gyara takardar."

"Zan yi."

"Allon ka bar min shi nan."

Ya sauka matakala ɗaya, ya tsaya. "Ciyawar fa? Ranar Talata."

"Bar ta ta tsiro."

Ya miƙe a coci washegari. Bai yi minti biyu yana magana ba. Da ya zauna, bencin ya yi masa faɗi, sai Rufus ya taso daga baya ya zauna gefensa, yana gunaguni wai fankar can ba ta aiki. Ranar Litinin shugaban sashe ya saurare shi, ya cire tabarau, ya ce ya ba da makullin motar aiki ya huta a gida har a ga abin da za a yi. Ba a sake maganar walima ba. Charlene ta ɗauki lauya, daga baya aka ji uwar ta hana. Wasu sun ce Elwood ya yi jarumta, wasu sun ce ya makara da wata uku. Bai yi gardama da kowa ba. Amma yanzu in musu ya tashi a shagon gahawa kan nisan wani wuri, sai a ciro waya a duba.

Yana nan har yanzu, a gidan da ke bayan ma'ajiyar gyaɗa. Yana zuwa maƙabarta kowace Lahadi. Yakan wanke dutsen Verna. Na Calvin ba ya taɓawa, don mai shi tana zuwa da nata ruwan ranar Asabar, da motarta.

Wata Lahadi a cikin kaka, yana dawowa, ya ga ya tsaya a mararrabar ba tare da ya yi niyya ba. Ƙafarsa ce ta taka birki. Jarkar na gefensa, da saura a ciki. Ciyawar da ya dasa ta haɗe da sauran, ko Rufus ba zai gane wurin ba yanzu. Yana zaune sai ga motar Odessa ta taho daga baya, ta ratse ta gefensa, ta tsaya a bakin titi. Ranar ganin likitanta Litinin ce da sassafe, takan kwana wajen wata ƙawarta a Maddox. Ta duba hagu, ta duba dama. Ba ta dubi inda yake ba. Ta kunna sigina, ta bi dama.

Ya bi ta da ido har ta shige kwana. Sannan ya gyara murfin jarkar don kada ta zube, ya kama hanyar gida da sauran ruwan.